Kwana Tara Ruwa Bai Kwanta Ba: Nazarin Matsalar Iska da Kumfa a Kwamfuta Mai Sanyaya da Ruwa

An kawo mini kwamfutar ne bayan famfonta ya yi kwana tara yana aiki ba dare ba rana, lokacin da mai ita, wanda sana'arsa tace bidiyo ce, ya gaji da jiran abin da aka ce masa zai wuce da kansa. Shi ya harhaɗa ta da hannunsa, kuma duk wanda ya dubi aikin zai san an yi shi da natsuwa, domin bututan sun miƙe samɓal, mahaɗai sun zauna daram, babu ko ɗigon ruwa a ƙasan akwatin. Amma abubuwa uku sun hana shi sakat. Famfon yana wani ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ruwan da ya zuba garau ya koma fari fat kamar an dama masa madara, sannan a saman tankin akwai kumfa mai kaurin yatsa biyu wadda ba ta raguwa.

Na ga ya dace in rubuta wannan lamari dalla-dalla saboda tushen wahalar shi ne rashin bambance cuta biyu da suka yi kama da juna. A Hausa kalma ɗaya muke da ita, wato kumfa, ga ƙwayar iskar da ke yawo cikin ruwa da kuma farin tulin da ke zama a samansa. A nan zan kira ta farko ƙwayar iska, in bar wa ta biyu sunan kumfa, domin asalinsu daban ne, maganinsu daban ne, kuma kamar yadda za a gani, abin da mai kwamfutar ya yi don korar ɗaya shi ne ya ƙara wa duka biyun gindin zama.

Yadda aka tsara zagayen ruwan

Ruwa yana tashi daga tanki mai siffar gwangwani, wanda faɗin cikinsa ya kai kusan santimita 5, ya gangara kai tsaye cikin famfo samfurin D5 da ke ɗaure a ƙarƙashinsa. Daga nan sai ya bi ta farantin da ke sanyaya katin hoto, ya shiga lagireto mai fanka uku, irin wanda ake kira na milimita 360, da aka tsayar a gaban akwatin bakunansa biyu suna ƙasa. Idan ya fito sai ya hau zuwa farantin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya ratsa lagireto na biyu mai girma ɗaya da na farko wanda aka kwantar a rufin akwatin, sannan ya dawo tanki ta wata kafa da ke jikin murfin sama. Bututan na akirilik ne, wata roba garau kamar gilashi, masu tauri, waɗanda ake gasawa da iska mai zafi a lanƙwasa su. Ruwan kuwa irin wanda ake sayarwa a haɗe ne, da maganin hana tsatsa da na hana gansakuka a cikinsa, ba shi da launi.

Akwai abu biyu game da wannan famfo da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk hanyar da aka bi daga baya a kansu ta dogara. Farfelarsa tana zaune ne a kan ƙwallon tangaran guda ɗaya, kuma ruwan da take turawa shi ne man da ke hana ta gugar ƙwallon, shi ne kuma ke ɗauke zafin injin, saboda haka idan ya yi gudu a bushe lalacewa takan fara cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Na biyu, ba ya iya zuƙo ruwa da kansa idan iska ta cika shi, sai dai ruwa ya gangaro masa daga sama. Wannan da ke gabanmu yana da maɓallin juyawa a bayansa mai mataki 5, daga kimanin juyi 1,800 zuwa 4,800 a minti ɗaya, kuma tun ranar farko a mataki na 5 aka ajiye shi.

Da na nemi ya ba ni labarin abin da ya faru tun daga ranar da ya zuba ruwa, sai ya ce a kwana biyun farko ruwan tankin ya riƙa sauka yana ƙara masa, abin da ke nuna iska tana fita daga lagireto da farantai tana bar wa ruwa gurbinta. Daga rana ta uku ruwan ya daina sauka, amma farin bai gushe ba. A rana ta biyar, bisa wata shawara da ya ji, ya ɗiga sabulun wanke kwanuka sau biyu a cikin tankin domin ƙwayoyin iska su daina manne wa bango, kuma washegari kumfar da ke sama, wadda a da siririya ce, ta ninka. Sai da muka daɗe muna magana kafin ya tuna wani abu da bai ɗauke shi da muhimmanci ba: sa'ad da yake lanƙwasa bututan yakan zura igiyar silikon a ciki don kada su lotse, kuma da ruwan sabulu yake jiƙa igiyar domin ta shiga ta fita ba da wahala ba. Masu wannan aiki da yawa haka suke yi, kuma babu laifi a ciki muddin an wanke bututan sosai daga baya. Shi ɗauraya ɗaya ya yi musu. Lagireton biyu kuwa daga kwali ya ciro su ya ɗaura, bai wanke cikinsu ba.

Binciken da aka yi

Abu na farko da na yi shi ne kashe famfon in zauna in zuba ido, domin ruwan da ke gudu yana ɓoye halinsa. Cikin minti kaɗan farin ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama har ruwan ya koma garau. Wannan kaɗai ya kawar da zato guda: da ɓurɓushin datti ne, ko kuwa sinadarin nan da kan zubo daga tiyon roba mai laushi idan ya tsufa, da ruwan ya zauna a gurɓace ko dattin ya kwanta a ƙasa. Abin da ke barin ƙasa yana hawa sama iska ce, an niƙe ta ne kawai ta zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ido ba ya raba su. Kumfar saman kuwa na ba ta rabin sa'a, tana nan yadda take.

Sai na sa sirinji na ɗebo ruwan tankin na zuba a ƙaramar kwalba mai tsabta, na zuba sabon ruwan da ya rage masa a wata kwalba irinta, na rufe su na girgiza su tare sau goma na ajiye. Kumfar sabon ruwan ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ta ruwan tankin kuwa muna tsaye tana tsaye, har muka gaji da kallonta. Wannan gwaji ba ya bukatar komai sai kwalba biyu, amma a ganina shi ne mafi amfani a duk binciken, domin shi ya nuna cewa ruwan da aka saya lafiyarsa ƙalau, wani abu ne ya shige shi bayan an zuba shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Dalilin haka yana cikin halin ruwa kansa. Fuskar ruwa mai tsabta a ɗaure take da ƙarfi, shi ya sa idan ƙwayar iska ta iso sama siririn bangon ruwan da ke lulluɓe da ita yakan tsiyaye nan take ya fashe, kuma shi ya sa ruwa zalla ba ya riƙe kumfa ko an girgiza shi da ƙarfi. Sabulu da danginsa suna jeruwa a kan wannan bango su sassauta ɗaurin, su hana shi tsiyayewa da wuri, sai ƙwayoyin su taru a kan juna su zama tuli. Shawarar ɗiga sabulu tana da ɗan tushe, domin gaskiya ne idan ɗaurin fuskar ruwa ya sassauta ƙwayar iska takan saki bango da sauƙi. Sai dai sabulun wanke kwanuka an yi shi ne musamman ya yi kumfa, alhali ruwan sanyaya na masana'anta, irin na motoci alal misali, har sinadarin kashe kumfa ake sa masa. Kuma akwai wata illa da ta fi kumfar sama muni, wadda ba a cika lura da ita ba: sabulun da ya lulluɓe ƙwayoyin iska yana hana su haɗewa da juna su zama manya. A ruwa mai tsabta ƙananan ƙwayoyi biyu idan suka yi karo sukan zama ɗaya, ita kuma ta haɗiye wata, har ta yi girman da za ta tsere sama. A ruwan sabulu kowace tana nan ƙarama yadda farfela ta yanka ta.

Girman ƙwayar kuwa shi ne komai a wannan magana. A shekarar 1851 masanin lissafi George Stokes na jami'ar Kambirij ya bayyana ƙa'idar da ke nuna yadda ƙaramin dunƙule ke tafiya cikin ruwa, kuma bisa ita saurin hawan ƙaramar ƙwayar iska yana bin faɗinta ne ninki a kan ninki, wato idan faɗin ya ragu da rabi saurin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar da faɗinta kashi ɗaya cikin goma na milimita ne tana hawa kimanin milimita 5 a daƙiƙa. Yanzu a ɗauka famfon yana tura lita 200 a sa'a, adadin da ba baƙo ba ne a irin wannan tsari. Idan duk wannan ruwa yana shigowa ta saman tanki mai faɗin santimita 5 yana fita ta ƙasa, to yana sauka da saurin kusan milimita 28 a daƙiƙa. Ƙwayar da ke hawa da 5 a cikin ruwan da ke sauka da 28 ba za ta taɓa ganin sama ba. Za ta koma cikin famfo, farfela ta ƙara yanka ta, ta zagayo ta dawo ƙarama fiye da yadda ta tafi. Sai faɗinta ya kai kusan kashi uku cikin goma na milimita kafin ta iya jayayya da wannan ruwa. Wannan ne ya sa matakin ruwan ya daina sauka tun rana ta uku: iskar ta daina fita, zagayawa kawai take yi.

Da na sake kunna famfon sai na ga wurare biyu da sabuwar iska ke shiga ruwan, dukansu a cikin tankin. Kafar da ruwa ke dawowa ta cikinta tana sama da fuskar ruwa da kusan santimita 3, saboda haka ruwan yana faɗowa ne yana dukan fuskar, yana nutsar da iska tare da shi. Sannan a mataki na 5 ruwan tankin yana juyawa kamar guguwa, tsakiyarsa ta rame kamar mazurari, kuma lokaci-lokaci wutsiyar ramin takan kai bakin famfo ya shaƙi iska, a nan ne ƙaran tsakuwar ke tashi. Tankin ya zo da wani soso da ake sawa a ƙasansa don karya wannan juyi, da kuma ɗan gajeren bututu na ciki, amma mai kwamfutar ya bar su a kwali saboda yana ganin za su ɓata kyan gani.

Akwai kuma iska ta uku, wadda ba ta yawo, a maƙale take. Lagireton gaba yana tsaye bakunansa a ƙasa, wato ruwa yana hawa ta rabin bututansa na ciki, ya juya a ɗan ɗakin da ke can sama, ya sauko ta ɗaya rabin. Wannan ɗakin juyawa tarko ne ga iska, domin ba ta da wata mafita sai ta bi ruwa ta sauka ƙasa, abin da ya saɓa wa halinta. Da na ɗan karkata akwatin sai na ji ƙulun-ƙulun daga wannan wuri. Illar irin wannan iska ita ce tana iya hana ruwa shiga wasu daga cikin siraran bututan lagireton, sai su zama ƙarfe kawai da fanka ke hurawa a banza. Haka nan idan ta zauna a kan tsagogin farantin furosesa, waɗanda faɗin kowace bai kai rabin milimita ba, takan raba jan ƙarfe da ruwa, kuma ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi daga jikin ƙarfe sau fiye da ashirin.

Zato na ƙarshe da ya rage shi ne ko akwai wani mahaɗi da ke zuƙar iska daga waje. Wannan yakan faru a ɓangaren da famfo ke ja, inda matsin cikin bututu kan iya yin ƙasa da na waje, sai zoben roba da bai zauna daidai ba ya riƙa shigar da iska ba tare da ya zubar da ko ɗigo ba. Bayan na zubar da ruwan sai na toshe kafofi, na hura iska da ɗan famfon gwaji har rabin "bar" a ma'aunin matsi, na bar shi minti 15. Allurar ba ta motsa ba, saboda haka na ajiye wannan zato.

Wanki

Tunda sabulu ya riga ya shiga, babu wani haƙuri ko karkata akwati da zai fitar da shi, sai wanki. Mai kwamfutar ya so a zubar da ruwan kawai a zuba sabo, amma na ƙi, domin ko an buɗe bawul ɗin ƙasa ruwa mai yawa yakan saura a cikin lagireto da lungunan farantai, kuma sabulu kaɗan ya isa ya ɓata lita guda. Muka kwance komai. Kowane lagireto muka cika shi rabi da ruwa mai ɗumi, muka toshe bakunansa, muka girgiza shi da ƙarfi, muka juye a farin kwano domin mu ga abin da ke fita. A juyi na farko da na biyu baƙin ɓurɓushi ya fito tare da wani ɗan maiƙo, wato ragowar abin da ake shafawa sa'ad da ake liƙe ƙarfen da dalma, wanda ba abin mamaki ba ne a sabon lagireto, kuma shi ya sa ake wanke shi kafin a ɗaura. Muka ci gaba har ruwan ya riƙa fita garau, sannan muka ɗauraye sau uku da ruwan tururi, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa ya koma ruwa, wanda ba shi da gishirin ƙasa a cikinsa.

Bututan da tankin da farantai ma haka, da ruwa mai ɗumi zalla. A nan dole in ja hankali a kan abu ɗaya: kada a kusanci akirilik da sifirit da sunan tsabtacewa, domin yana sa shi ya yi ƙananan tsage-tsage, musamman a wuraren da aka gasa aka lanƙwasa da kuma bakin zaren mahaɗai, a je garin neman gira a rasa ido. Bayan mun mayar da komai sai muka cika da ruwan tururi muka bar shi ya zagaya sa'a guda, na ɗebo na yi gwajin kwalba, sai ga 'yar kumfa ta tsaya kusan minti ɗaya. Muka zubar muka sake. Sai a karo na uku ne kwalbar ta yi daidai da ta ruwan da bai taɓa shiga ba, sannan na yarda a zuba ruwan sanyaya na ainihi.

Kafin haka mun sa soson a ƙasan tanki, mun kuma ɗaura ɗan bututun ciki a ƙarƙashin murfi yadda bakinsa zai nutse santimita kaɗan a ƙarƙashin fuskar ruwa. Na so a juya lagireton gaba bakunansa su koma sama, domin wannan ne gyara na dindindin, amma hakan na nufin sake lanƙwasa bututu biyu, kuma mai ita bai so ba. Lagireton yana da wani ɗan toshi a ɗakin juyawar, wanda aka yi don sakin iska, sai dai ban taɓa shi ba saboda a wannan akwati ya fi fuskar ruwan tankin tsawo. Buɗe toshin da ke sama da fuskar ruwa alhali murfin tanki a buɗe yake yana sa ruwan lagireto ya koma tanki, iska ta ƙara shiga, har tankin ya tumbatsa. Irin wannan toshi yana amfani ne idan an kwantar da akwatin yadda ruwan tanki zai fi shi tsawo.

Cikawa da fitar da iska

Mun zare wuta daga babban allon cikin kwamfutar, wanda sauran sassa ke zaune a kansa, da katin hoto da duk wani abu, famfo kaɗai muka bari a haɗe. Na'urar ba da wuta ba ta tashi sai allon ya umarce ta, saboda haka aka sa mata ɗan toshin da ke haɗa fil na 16 na babbar wayar nan mai fil 24 da fil ɗin da ake kira "ground", sai ta riƙa tashi da maɓallin bayanta. Amfanin wannan biyu ne: idan ruwa ya zuba ba zai tarar da wuta a kan allo ba, kuma hannu yana kan maɓalli a kashe nan take. Muka cika tanki, muka kunna daƙiƙa biyu ko uku, muka kashe kafin ruwan ya kai ƙasa, muka sake cikawa, haka dai har ruwa ya zagayo ya fara dawowa ta bututun ciki.

Daga nan ne aikin ya rabu biyu, kuma kowane rabi da saurin da ya dace da shi. Manyan iskokin da suka maƙale a lagireto ƙarfi suke so, don haka muka kai famfo mataki na 5 na kusan rabin minti, muna karkata akwatin gaba da baya da gefe, murfin tanki a rufe gam, sannan mu kashe na minti ɗaya. Kashewar tana da muhimmanci kamar kunnawar, domin a lokacin ne ƙananan ƙwayoyi ke haɗewa, kuma bugun ruwa na farko idan an sake kunnawa shi ne ke tumɓuke abin da ya manne. Don lagireton gaba sai da muka kwantar da akwatin ta bayansa har bakunan suka daina zama a ƙasa, nan take wata babbar iska ta fito ta bi bututu, ruwan tanki ya sauka fiye da santimita biyu. A wannan karkatawa na wuce gona da iri sau ɗaya, bakin famfo ya fito daga ruwa ya shaƙi iska, sautinsa ya canza, na kashe nan da nan, na tsayar da akwatin, na ƙara ruwa, na jira kafin in sake kunnawa. Duk mai karkata akwati idonsa ya kasance a kan bakin famfo, hannunsa a kan maɓalli.

Da ƙulun-ƙulun ya ƙare sai muka sauke famfon zuwa mataki na 2 muka bar shi. Wannan shi ne abin da mai kwamfutar bai yi ba a kwana tara. Idan gudu ya ragu, saukar ruwa a cikin tanki takan ragu da shi, sai ƙwayoyin da a da ake ja ƙasa su sami damar hawa, soso kuma ya kama waɗanda suka kai gare shi ya riƙe su har su haɗe su tashi. Cikin sa'a uku ruwan ya washe alhali famfo yana aiki, kuma babu kumfa a sama sai ɗaiɗaikun ƙwayoyi da ke fashewa da zarar sun iso. Muka naɗa takardar goge hannu a ƙarƙashin kowane mahaɗi, na manna 'yar alama a jikin tanki daidai fuskar ruwa, muka bar shi sa'a 24. Takardun suka kwana a bushe, ruwan kuma ya sauka ɗan kaɗan daga alamar, abin da nake so in gani ke nan.

Na gaya masa tun kafin ya tafi cewa ranar da ya fara aiki mai nauyi zai sake ganin ƙwayoyi a bangon tanki, kada ya ɗauka cutar ce ta dawo. Ruwa yana ɗauke da iska narkakkiya a cikinsa, kusan kashi 2 cikin ɗari na girmansa a zafin ɗaki, kuma yawan da yake iya riƙewa yana bin matsin da ke kansa, kamar yadda William Henry na Manchesta ya nuna a 1803, yana kuma raguwa idan ruwan ya yi zafi. Lita guda ta ruwa a digiri 20 na ma'aunin Salshiyas tana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin, a digiri 40 kuwa abin ya ɗan haura 6 ne kawai. Idan aka haɗa da sauran iskokin, abin da zafi zai kora bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba a kowace lita, amma idan ya rarrabu ƙwaya-ƙwaya yakan cika ido. Haka kuwa aka yi, ƙwayoyin suka bayyana a rana ta biyu, suka ɓace kafin mako ya cika. Na kuma hana shi cika tankin maƙil, domin tsakanin digiri 20 da 40 ruwa yana kumbura da fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma ruwa ba ya matsuwa, sai an bar masa iska kamar ta santimita 2 a sama ta karɓi wannan kumburi. A kwanakin farko yakan ɗan sassauta murfin bayan ruwan ya yi ɗumi domin matsin da ya taru ya fita, sannan ya mayar ya ɗaure.

Bayan mako biyu na sake duba kwamfutar. Sau biyu ya ƙara ruwa a makon farko, a na biyu kuwa fuskar ruwan ba ta bar alamar ba. Famfon yana mataki na 3, sai an kara kunne kusa ake jin sa, kuma tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da zafin ɗaki ta ragu da 'yan digiri idan ana aiki mai nauyi, abin da nake dangantawa da lagireton gaba da yanzu ya cika da ruwa. Ƙwayar iska ɗaya ce ta rage, mai girman ƙwayar wake, a wani lungu na saman farantin katin hoto inda ruwa ba ya gudu sosai. Ya tambaye ni ko a sake kwantar da akwatin saboda ita, na duba na ga tana nesa da tsagogin da ke ɗauke zafi, kuma ta riga ta fi ƙanƙanta a kan yadda ya ɗauke ta a hoto kwana huɗu kafin nan, sai na ce ya bar ta ruwan da ke wucewa zai narkar da ita a hankali, ya dai riƙa duba alamar jikin tanki sau ɗaya a wata.